Malam Sharhabilu Mai Gadin Takalma

A Unguwar Dosa babu wanda bai ji labarin ƙarin girman Malam Sharhabilu ba, domin shi da kansa ya bi mutane yana isar da shi. Mai shayi ya ji, mai kayan miya ya ji, har liman sai da aka tare shi a bakin masallaci aka sanar da shi cewa mutumin nan da yake gani a sahun gaba ya wuce akawu, yanzu sufabaiza ne, wato mai kula da ma'aikatan sashe guda a wata ma'aikatar gwamnati da ke wajen Unguwar Sarki. Abin da Malam bai cika faɗa ba shi ne riƙon ƙwarya aka ba shi, kujerar ba ta zama tasa ba tukuna.

Ranar da Darakta, Alhaji Balarabe, ya kira shi ofis, bai ɓoye masa komai ba.

"Sharhabilu, ka san ciwon sashenku. Da an kira Azahar sai kowa ya ce ya tafi salla, shi ke nan sai gobe. Sai ka ce a Makka suke yin sallar. To za a aiko mutum daga hedikwata ya duba mu, ba za a faɗi ranar ba, da rana tsaka zai faɗo. In ya tarar da mutanenka a kan kujerunsu, kujera ta zama taka. In kuwa ya tarar da fanka tana yi wa tebura fifita, ka san siton tsofaffin fayiloli da ke Mando?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Mai tsaronsa ya yi ritaya. Ɓeraye na neman sabon shugaba."

Sharhabilu ya yi dariyar yaƙe. Ya taɓa zuwa siton nan. Babu fanka, babu baƙo, babu wanda zai ce maka Oga. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar masa da hankali. Duk da haka sai ya gyara hula, ya bugi ƙirji.

"Ranka ya daɗe, ni fa ko ƙuda ba ya shiga ofis ban san ƙofar da ya bi ba. Ka bar min su kawai."

"Ai na ji har da kai ake tafiya doguwar sallar," in ji Darakta.

"Bincike ne, ranka ya daɗe. Bin su nake yi in gane hanyoyinsu."

A bakin famfon alwala dabara ta faɗo masa. Ya ga yadda kowa ke tuɓe takalminsa mai tsada ya zura tsohon silifas ɗin ofis, ya yi alwala yana waige-waige kada wani baƙo ya gan shi a haka, da ya gama kuma ya yi maza ya mayar da nasa. Malam ya tsaya da buta a hannu yana murmushi shi kaɗai har ruwan ya tsiyaye a ƙasa.

Da yamma ya shigo gida da buhu guda na silifas ɗin roba, ya zazzage a tsakar gida, ya zauna yana rarraba su. Matarsa Bara'atu ta fito daga kicin riƙe da ludayi.

"Baban Husaina, sana'a muka fara ne ba a gaya min ba?"

"Mulki ne wannan, ke ba za ki gane ba. Ma'aikaci zai iya barin hularsa a kan tebur ya gudu. Zai iya barin tabarau, har kwat ɗinsa zai rataye a kujera don a ce yana kusa. Amma nuna min ma'aikacin gwamnati mai mutunci da zai ratsa titi da silifas ɗin banɗaki, ƙafa ɗaya kore, ɗaya ja."

"To me ya sa kake raba su da 'yan'uwansu?"

"Nan ƙwaƙwalwar take! In launi ɗaya ne, wani marar kunya zai iya fita da su."

"Mutane aka ce ka kula da su, kai kuma ka tafi ƙafafunsu," in ji Bara'atu. Ta ɗauki guda biyu masu launi ɗaya ta ajiye wa banɗakinta, ta koma kicin.

Washegari da sassafe Malam ya sa aka jawo wani tsohon kabad na ƙarfe zuwa barandar da ke gaban babban ofis, ya tsaya a gabansa da makulli a wuya. Doka ɗaya ce: duk wanda ya shigo ya tuɓe takalmi ya miƙa, ya karɓi silifas, ba zai sake ganin nasa ba sai lokacin tashi.

Rilwanu ne ya fara isowa, wani akawu mai dogon wuya da bakin da ba ya rasa amsa. Ya kalli silifas ɗin da aka miƙo masa, ya kalli ƙafarsa.

"Oga, wannan rabin ƙafata kawai zai ɗauka. Ragowar rabin fa, hutu aka ba shi?"

"Ka taka da gaba. Na baya ya matso!"

Na bayan Zakari ne, mutum mai ƙiba da kunya, wanda ya daɗe yana roƙo a bar shi ya tuɓe a ɓoye. Malam ya ce doka ba ta san ɓoye ba. Da Zakari ya zare takalmi sai ga babban yatsa ya leƙo ta hujin safa, ɗayar ƙafar ma haka. Rilwanu ya duƙa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su gajiyar hanya.

Sai ga Hajiya Mariya, sakatariyar sashen, wadda ta girmi kowa a ma'aikatar har da Darakta. Ta tsaya ta saurari dokar har ƙarshe.

"Sharhabilu, ranar da aka ɗauke ka aiki ni na nuna maka inda banɗaki yake. Yau ni za ka ce in tuɓe?"

"Hajiya, doka ce, ba ni ba ne."

"Wa ya kafa ta?"

"Ni ne."

"To miƙo hannu ka cire da kanka." Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye masa a gaba.

Malam ya kalli ƙafar, ya kalli fuskar Hajiya, ya yi gyaran murya ya sanar da jama'a cewa dama tun farko dokar ta ɗauke wa dattawa. Hajiya ta wuce da takalminta, ƙwas-ƙwas-ƙwas.

Kai jama'a, sai ga dabara ta ci! A kwanakin farko babu wanda ya fita ko nan da can. Aka yi Azahar aka dawo, kowa na jan ƙafa yana harare-harare. Abin da kawai ake ji a ginin shi ne fat-fat-fat daga safe har yamma, har wata rana Darakta ya leƙo daga bene yana tambaya wa ake yi wa tafi. Wani ɗan kwangila da ya zo neman fayil ɗinsa ya ga kowa da silifas, shi ma ya tuɓe nasa a bakin ƙofa, ya shigo da sallama a hankali yana tambaya wa ya rasu.

Kan Malam Sharhabilu ya fasu. Ya ce a majalisar unguwa nan gaba kaɗan za a kira shi Abuja ya koyar da manya. Ya kuma sa aka fito da teburinsa baranda, aka ajiye shi yana fuskantar kabad, bayansa na kallon ofis. Me zai kalla a ofis? Ai lissafin a fili yake: takalmi na nan, mutum na nan. Daga ranar ya daina leƙa ma'aikata, sai dai ya zauna ya zuba wa ƙofar ƙarfe ido, lokaci-lokaci ya shafa makulli.

To amma a bakin get ɗin ma'aikatar akwai wata darbejiya, a gindinta kuma akwai Lawan mai gyaran takalmi, wani Bazamfare da ya daɗe a wurin. Rilwanu ne ya fara gane amfaninsa. Da safe sai ya bar takalminsa na kirki a wajen Lawan, ya zura wani tsohon da ya tono a ƙarƙashin gado, ya shigo ya miƙa wa Oga cikin ladabi. In ya tashi tafiya sai ya zagaya ta ƙofar baya da silifas ɗinsa kore da ja, ya isa gindin darbejiya, ya canja, ya tare keke napep. Kafin mako ya zagayo duk sashen ya koyi karatun.

Da lokacin tashi ya yi, Malam ya buɗe kabad ya yi kira, sai mutum biyu ko uku su zo. Sauran takalma su kwana. Wani zai tsargu, amma ban da Sharhabilu.

"Kin gani ko, Hajiya? Kishin aiki ya kama su. Suna can wasu ofisoshin suna ƙarasa abin da suka fara, ko ta takalmi ba sa yi."

"Uhm," in ji Hajiya Mariya tana rufe injin buga takardunta. "Allah Ya ƙara musu kishi."

Da yake ya rantse ba zai yarda mutum ya zo aiki ba sai ya ga ya tuɓe a gabansa, kullum sai an kawo masa sabon tsohon takalmi. Matan ma'aikata suka samu wurin zubar da tarkace. Aka kawo masa takalmin ruwa, aka kawo na ƙwallo, aka kawo wanda bakinsa ya buɗe har ana ganin ƙusoshi.

"Rilwanu, waɗannan ai duk na hagu ne."

"Oga, haka Allah Ya yi ni. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

"Kai kuma Zakari, wannan ba na mata ba ne? Har da duwatsu a jiki."

"Likita ne ya ce in riƙa sa mai tsini, Oga, saboda ciwon baya."

Malam ya karɓa ya tura ciki, yana cewa a ransa ma'aikata sun amince da shi har ajiya suke kawo masa. Lokacin kuwa bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa a kan kabad ɗin. Wani irin wari ya fara fitowa ta 'yan hujojin ƙofar. Malam ya ɗebo turaren wutar Bara'atu ya turara barandar, sai warin da ƙamshin suka haɗu suka haifi wani abu na uku da ya fi kowannensu muni. Masinja ya daina bi ta wurin, sai dai ya miƙo takarda ta taga.

Wata Litinin bayan Magariba, ana zaune a majalisa Malam na bayanin yadda ake riƙe mutane ba tare da tsawa ba, sai maƙwabcinsa Rabe mai keke napep ya katse shi.

"Oga Sufa, yau na ɗauki mutuminka mai dogon wuyan nan, rana tsaka, na kai shi Kawo."

"Ba shi ba ne."

"Har ya ce in gaishe ka."

"Na ce ba shi ba ne! Takalminsa na hannuna, makulli na wuyana."

"To ƙila aljaninsa ne. Amma aljanin takalmi sau-ciki ne a ƙafarsa yana ƙyalli, kuma a idona ya sako shi a gindin darbejiyar Lawan. Ranar Juma'ar nan ma mai ƙibar na ɗauka, sai da na ƙara iska a taya."

Majalisa ta kwashe da dariya, har mai shayi ya ajiye kofi ya riƙe ciki. Malam ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi, siton Mando ya gilma masa a ido. Amma ina, bakinsa ya riga tunaninsa.

"Ai na sani! Tarko ne na ɗana musu, jira nake su gama shiga. Gobe war haka za ku ji labari."

Gobe kuwa Talata ce, ranar kasuwar Kawo, abin da Malam bai sa a lissafi ba. Tun da hantsi mutanensa suka bi ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya, suka kwashe takalmansu na kirki suka yi gaba, shi kuwa yana baranda yana jiran a kira salla. Da ladan ya ɗaga murya, sai Malam ya laɓe a bayan taga. Ya ga Lawan ya jera takalman mutane, ya rufe su da leda, ya ɗora dutse, ya ɗauki buta ya nufi masallaci. Nan take Malam ya fito da buhu a hammata, yana sanɗa. Ya yaye ledar ya kwashe komai, bai bar ko igiya ba.

"Oga, lafiya?" in ji maigadi.

"Aikin gwamnati ne. Ba ka ga komai ba."

Kabad dama ya cika har wuya. Malam ya tura da hannu, ya tura da gwiwa, ya juya ya danna da baya, da ƙyar ƙofar ta rufu ya murɗa makulli. Ya zauna yana haki yana murmushi. Yau zai ga da ƙafar da za su fita.

Ana sallame salla sai aka ji ihun Lawan daga get.

"Wayyo ni! Wane ɗan banza ne ya kwashe min kayan mutane? Jama'a, ku taimake ni, na shiga uku!"

Maigadi, wanda bai ga komai ba, ya nuna baranda da haɓa. Ba a jima ba sai ga ayari ya shigo, wasu da silifas ɗin aron da Lawan ke ba masu jiran goge, wasu ƙafa a ƙasa. Akwai direbobin maƙwabciyar ma'aikata, akwai wani soja da ya kawo takalminsa but a sa masa dunduniya, akwai wani ango da za a ɗaura wa aure ranar Asabar. A can baya kuma wani gajeren dattijo ne cikin farin kaftani, da silifas ɗin aro a ƙafa.

Malam ya miƙe ya baje hannuwa a gaban kabad.

"Babu mai karɓar takalmi sai lokacin tashi!"

"Wanga mutum lafiyarshi ƙalau kuwa?" in ji Lawan. "Waɗannan ba mutanenka ba ne, kwastomomina ne!"

"Duk wanda takalminsa ke cikin kabad ɗin nan, a ƙarƙashina yake."

"Har da ni?" in ji sojan, a hankali.

Malam ya yi kamar bai ji ba, ya nemi wanda ya fi sauƙi. Idonsa ya faɗa kan dattijon.

"Kai Baba, wane sashe kake? Ban san fuskarka ba, alamar ba ka zama ke nan."

"Gaskiya ne, ban cika zama ba," in ji dattijon. "Yawo ne aikina."

"Kun ji ko! Da bakinsa, da furfurarsa! Irinku ne kuke lalata yara. To yau Allah Ya haɗa ka da Sharhabilu. Nemi kujera ka zauna har a tashi."

Hayaniyar ce ta sauko da Darakta daga bene. Yana hango dattijon sai ya ci burki, ya rusuna har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Ranka ya daɗe! Yaushe ka iso? Ba a gaya mana ba!"

"Ai dama ba a faɗa," in ji dattijon. "Na iso ana kiran salla, na ce bari in ba da takalmina a goge kafin in fito daga masallaci. To ga shi an ɗauke ni aiki a wannan sashen."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Malam Sharhabilu ya gode mata. Darakta ya daka masa tsawa ya buɗe kabad. Malam ya zura makulli, ya murɗa, ai kuwa ƙofar ba ta jira a ja ta ba. Ta bugo shi a ƙirji ya zauna daɓas, takalma suka yi masa ruwa a ka, na ruwa, na ƙwallo, mai tsini, but ɗin soja a ƙarshe. Warin da aka daɗe ana tarawa ya fito gaba ɗaya. Ango ya toshe hanci da hula, Darakta ya ja da baya yana salati.

Aka hau wawaso. Wannan ya ja, wancan ya ja, Lawan na tsakiya yana rantsuwa yana raba faɗa. Da ƙura ta lafa kowa ya samu nasa ya fita yana tsaki, ban da baƙon hedikwata, wanda ƙafa ɗaya kawai aka samo masa. Ya zura ta, ya taka a hankali zuwa ƙofar babban ofis ya leƙa. Tebura reras, fanka na juyawa, Hajiya Mariya ita kaɗai tana buga injinta.

"Malam Sufabaiza, ina ma'aikatan?"

"Suna nan, ranka ya daɗe," in ji Sharhabilu daga ƙasa. "Ga takalmansu."

"To ka ce musu su shiga su zauna. Ni zan jira ɗayar ƙafar tawa a ofishin Darakta."

Ya hau bene, ƙafa ɗaya ƙwas, ɗaya fat, Darakta na biye da shi yana ba da haƙuri.

Allah sarki. Malam ya zauna cikin tarin takalma yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, idanunsa sun kawo ruwa. Me zai ce wa Bara'atu? Da wace fuska zai zauna a majalisa? Hajiya Mariya ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau, tausayi ya kama ta, domin ta san wauta ce ke damunsa, ba mugunta ba. Ta ɗauki waya ta kira Rilwanu.

"Duk inda kuke ku dawo yanzun nan. Baƙon hedikwata ya zo, kun kashe bawan Allahn nan. Ka kira sauran, ku biyo ta baya."

Su ma fa ba mugaye ba ne, tsokana ce kawai ta yi musu yawa. Kafin a ce haka sai ga su suna shigowa ta ƙofar baya suna haki, kowa da abin da ya sayo. Zakari ya tura ƙullin barkono a ƙarƙashin tebur, Hassana mai kula da fayiloli ta ɓoye galan ɗin manja a bayan labule, Rilwanu kuwa ya cusa wani abu a babbar durowarsa ya rufe da sauri. Zakari ya durƙusa ya taya Oga tono, sai ga ɗayar ƙafar baƙon a cikin takalmin ruwa. Malam ya goge ta da bakin rigarsa, ya hau bene da gudu, ya durƙusa ya miƙa, ya roƙi arziki a sake leƙa sashensa ko da sau ɗaya ne.

Dattijon ya sa takalminsa ya sauko, Darakta a bayansa. Ofis cike maƙil! Kowa ya duƙufa a kan fayil, wani ma a juye ya riƙe nasa. Gumi na zuba, ƙamshin daddawa na tashi, wani ya yi atishawa saboda barkono.

"Ikon Allah," in ji baƙon. "Ashe takalman sun tashi."

Ya zagaya a hankali, hannu a baya. Tsohon ma'aikaci ne, babu abin da ya ɓoyu gare shi. Ya dawo ya tsaya kusa da Darakta, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Alhaji, mutumin da jama'arsa za su baro abin da suke yi su rugo don su rufa masa asiri, akwai abin dubawa a lamarinsa. Ni abin da idona ya gani nake kaiwa hedikwata, kuma ga shi na ga kujeru cike."

Darakta ya sauke ajiyar zuciya. Hajiya Mariya ta kalli Sharhabilu ta ɗora yatsa a kan leɓenta. Abu ya riga ya ƙare, kujera ta samu, abin da ya rage masa kawai shi ne ya yi shiru.

Sai zakara ya yi cara daga cikin durowar Rilwanu.

Ofis gaba ɗaya ya kaure da tari. Zakari ya ja kujera da ƙarfi, Hajiya ta hau dukan inji. Baƙon ya ɗaga kai ya kalli silin.

"Unguwar nan akwai kaji," ya ce, ya juya zai fita.

Amma ina! A ce abu ya faru a sashen Sharhabilu, baƙo ya ɗauka bai gane ba? Tsalle ɗaya ya yi ya isa teburin Rilwanu, ya fizgo durowa, ya cafko wani jan zakara ta ƙafafu ya ɗaga shi sama.

"Ba na unguwa ba ne, ranka ya daɗe, ga shi nan! Ni za a ɓoye wa abu? Wannan daga kasuwar Kawo yake, dubi igiyar ƙafarsa! Ga barkono can a ƙarƙashin Zakari, ga manja a bayan labule! Duk na gan su, ko ɗaya bai wuce ni ba. In ban da Hajiya, babu wanda ya yini a ofishin nan, yanzun nan suka shigo ta baya. Ka ga irin sa idon da nake gaya wa Darakta!"

Ya tsaya yana haki, yana jiran yabo. Hajiya Mariya ta cire tabarau ta dafe goshi.

"Wato, Malam," in ji baƙon a hankali, "kai mai kula da su, da bakinka kake shaida min cewa babu wanda ya yini a nan?"

A nan ne maganar ta iso kunnen mai ita. Murmushin ya zame daga fuskarsa, hannun da ke riƙe da zakara ya fara saukowa.

"Da idona kaɗai ne, da na san yadda zan yi," in ji dattijon. "Amma yanzu kunnena ma ya ji, kuma a gaban jama'a." Ya yi sallama ya fita.

Darakta ya juyo kan Sharhabilu. Ya ce gobe da safe ya zo ya karɓi makullin sito, direba zai kai shi, sannan ya juya ya bi bayan baƙonsa.

Malam ya rage a tsaye a tsakiyar ofis, zakara na fuffuka a hannunsa. Ya juya ya miƙa wa Rilwanu, ko kallonsa bai iya yi ba. Rilwanu, wanda bakinsa bai taɓa rasa amsa ba, ya sunkuyar da kai ya tura hannun a hankali.

"Riƙe shi, Oga. Ka kai wa Hajiya Bara'atu ta yi maka farfesu. Na sallama ne, daga mu duka."